Ranar da ban bi gawar Baba ba

Ina ƙarƙashin wata mota a Suame Magazine, unguwar makanikai, hannuna duk baƙin mai, ƙanwata ta iso a kan mashin. Ta ce Baba ya cika da safe, za a kai shi bayan azahar, kuma Mma, mahaifiyarmu, ta ce kada ta dawo ba tare da ni ba.

A lokacin ban daɗe da zama Kirista ba. Gidanmu a Aboabo gidan salla ne, Baba kuwa ɗan kasuwar goro. Da na sauya addini ya yi fushi, ya daina kula ni, amma bai kore ni ba. Daga baya ma ya koma tambayata ko na ci abinci.

Na ce wa ƙanwata ta yi gaba, ina zuwa. Na biya ta Bantama wurin fastonmu, wanda kowa ke kira Osofo, don ya yi mini addu'a. Shi ya yi mini baftisma, kuma na riƙe shi kamar uba. Ya saurare ni, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya karanta mini wurin da wani mutum ya roƙi Yesu ya bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna, Yesu ya hana shi. Ya ce ga amsata nan a rubuce, wannan gwaji ne, in na tafi na juya wa Ubangiji baya. Na zauna a bencin cocin ina kuka har aka kira la'asar a masallacin da ke kusa, na san an gama.

Mma ba ta zage ni ba. Da na je gida bayan an share makoki, ta amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙo, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Haka muka yi shekaru. Na riƙa gaya wa kaina cewa wannan ne tsadar bin gaskiya.

Wata shekara aka gayyato wani dattijo mai koyar da tarihin ƙasar Yahudawa ya yi mana darasi a coci. Ya zo kan wannan wurin da Osofo ya karanta mini. Ya ce mutanen can a ranar da mutum ya mutu suke binne shi, ɗan mamaci kuma ya zauna gida zaman makoki, ba za a gan shi a hanya yana hira da wani malami ba. Saboda haka masana da yawa suna ganin ko dai uban yana da rai, ɗan yana neman a ɗaga masa har sai abin da hali ya yi, ko kuma yana nufin wata al'adarsu ta kwashe ƙasusuwa bayan shekara. Ko wanne ne, in ji shi, maganar a kan jinkiri take, ba a kan gawar da ke kwance a tsakar gida ba.

Mutanen da yake bayani kamar mutanenmu na Zango ne, da likkafani da gaggawa da zaman makoki. Da an faɗa mini haka a ranar, da na gane ayar fiye da kowa a cocin.

Bayan an tashi na sami Osofo a ofishinsa. Na zaci zai ce shi ma yau ya fara ji. Ya ce a'a, an koya musu wannan tun a makarantar fastoci.

"Ɗana, da ka shiga gidan nan ranar, da ba ka fito ba. Na ji tsoron su janye ka."

Na ce, "Osofo, ai sai ka ce tsoro kake ji. Amma ka ce mini Yesu ne ya hana."

Sai na tuna lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, yadda muka sa kayan makoki baƙi da ja, muka cika mota har ƙauyensu, ni na ɗauki kujeru, ba wanda ya karanta masa komai.

Ban daina karanta Littafin ba, amma ban sake taka wannan cocin ba. Na je na sami yayana a shagonsa na ɗinki, na roƙe shi ya kai ni maƙabarta. Ya dube ni jim, ya kashe keken, ya ɗauki hularsa. Mun yi ta zagaye cikin ciyawa. An binne mutane da yawa tun daga lokacin, ruwa kuma ya baje ƙasar. A ƙarshe ya tsaya kusa da wata bishiya, ya nuna da hannu ya ce tsakanin nan da can ne, bai iya rantsuwa ba.

Da muka koma gida ya gaya wa Mma inda muka fito. Sai ta ce wa ƙanwata ta ƙara kwano ɗaya.