Takalman Katako na Tafiyar Tabuk

Wata Juma'a ce ta lokacin sanyi, a shekarar da na cika tara, bayan an sauko daga masallaci. Abuya, mahaifina, ya hau saman rufin gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda rungume da akwatunan lemo na katako da ya roƙo a wurin mai baƙala, wato kantin bakin layi, ya zube su kusa da tankin ruwa, sannan ya leƙa ƙasa ya ce da Ummi, mahaifiyata, ta ɗora ruwa a babbar tukunya. Ina tsugune ina kallo ya ɓalle ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana ware siraran katakan da ba su tsage ba, ƙamshin lemo na tashi daga jikinsu. Ya auna ƙafata da tafin hannunsa, ya yi dariya, ya ce, "Yalla Rukayya, yau za mu yi miki takalmin talj." Talj shi ne abin da Larabawa ke kiran dusar ƙanƙara, kuma a wannan lokacin babu abin da nake son gani a duniya kamarsa.

Abuya direban tirela ne, yana ɗaukar kayan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, daga tashar jirgin ruwa ta Jidda zuwa arewa, har Tabuk. Yakan yi kwanaki a hanya, ya dawo da ƙurar tafiya da labarai. Shi ya gaya mini cewa a duwatsun can, idan sanyi ya kai sanyi, farin abu na saukowa daga sama ya rufe ƙasa, har raƙuma su tsaya a ciki suna mamaki. Ni kuwa na taɓa gani a wani katun na talabijin wani tsoho yana tafiya a kan wannan farin abu da takalma masu faɗi kamar faifai, ba ya nutsewa. Na dame shi da maganar har ya yi mini alkawari: idan na haddace izu guda, kuma muka gama takalman, zan zauna a gefensa cikin tirela mu je.

Talabijin ɗin nan ita ce abokiyar zamana. Da safe nakan tsaya a bayan taga ina kallon yaran layinmu suna fita da jakunkuna a baya, 'yan matan cikin dogayen rigunan makaranta iri ɗaya, motar makaranta ta kwashe su, layin ya yi tsit sai kukan kyanwoyi a wurin juji. Ummi tana fita aikin wanki da guga a gidan wasu Larabawa a unguwar Bagdadiyya, ta kulle ni ta waje, ta bar mini gurasar tamis da wake a rufe. In share tsakar ɗaki, in wanke kofunan shayi, in jiƙa shinkafa, in hau sama in kwashe shanya, daga nan kuma babu sauran aiki sai jiran la'asar, lokacin da nake zuwa karatun allo a gidan Hala Zainabu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da iyayenta suka zo daga Sudan. Duk lokacin da na tambayi dalilin da ya sa ba na zuwa makaranta irin ta sauran yara, amsar Ummi ɗaya ce: "Takardunki ake gyarawa." Na ɗauka takarda abu ce da ke yagewa a kai ta wurin mai ɗinki.

Aikin takalman bai zo da sauƙi ba. Abuya yakan jiƙa katakan cikin ruwan zafi har su yi laushi, ya lanƙwasa su a jikin tulun gas, ya ɗaure bakin da waya, mu bar su su bushe a rana. Na farko ya karye a hannunsa, na biyu ma haka. Sai ya gane gara ya haɗa sirara biyu ya lanƙwasa su tare, a hankali, yana hura hannunsa saboda zafin ruwa. Da suka bushe suka fito da siffar kifi, gaba da faɗi, baya a tsuke. Ya gicciya katako biyu a tsakiya inda ƙafa za ta zauna, ya huda ramuka a kewaye da ƙusa mai zafi, ya yanko madauri daga tsohon tiyub na tayar mota. Saƙar kuwa ya bar mini. Ya nuna mini yadda zan zura igiyar shanya daga rami zuwa rami in ƙulla, ya ce, "Ki ja da kyau, abin da ya yi sako-sako ba ya ɗaukar mutum." Washegari ya tafi.

Haka na yi ta saƙa ni kaɗai a saman rufi. Igiyar roba ce mai santsi, tana yanka yatsa, kuma sau da yawa sai na kusa gamawa in ga gefe ɗaya ya karkace, in warware. Ina saƙa ina maimaita haddata, jiragen sama na wucewa can nesa, ƙamshin girkin maƙwabta na hawowa. Da na gama na ɗaura su na yi ta zagaya tankin ruwa ina buɗe ƙafafu kamar agwagwa, katakon na ƙara a kan siminti. Ban nuna wa kowa ba sai Hala Zainabu. Ta juya su a hannunta, ta tambaye ni na mene ne, na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah ya nuna mana, ta ƙara mini dabino a hannu. Ban fahimci kallon ba a lokacin.

Na kai izuna kafin sanyi ya wuce. Ranar da Abuya zai koma hanya na tashi na sa rigar sanyi biyu, na zura takalman cikin leda, na zauna a bakin ƙofa. Ummi ce ta fara ganina. Ta shiga ciki, na ji muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ita tana cewa ai ta gaya masa tun farko kada ya sa wa yarinya rai. Can ya fito ya tsuguna a gabana, bai iya kallon idona ba. Ya ce a hanyar akwai shingayen 'yan sanda, kuma a kowane shinge sai an tambayi iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Shi yana da tasa. Ummi ta zo Umara ne ta zauna, a gida aka haife ni, sunana bai shiga ko'ina ba. Idan aka tsayar da mu aka gan ni, za a iya kama ni da Ummi a mayar da mu Najeriya, ƙasar da ban taɓa gani ba. Ya ce ya yi zaton kafilinsa zai taimaka kafin lokacin, bai taimaka ba. Na ce zan kwanta a bayan kujera in rufa da bargo, ba zan yi motsi ba. Ya ce, "Halas, ya binti, shi ke nan 'yata, ba zan iya wasa da rayuwarki ba." Ya sumbaci kaina ya ɗauki jakarsa. A ranar na san abin da ya sa motar makaranta ba ta tsayawa a ƙofarmu.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na hau sama na tura takalman ƙarƙashin tanki, na daina kunna katun.

Da ya dawo, da hantsi ne, Ummi ta riga ta fita. Ko takalminsa bai cire ba ya ce in ɗauko nawa. Muka hau sama, ya fito da filas ɗin shayinsa, ya buɗe, ya juye a kan farantin tasa. Ashe can Tabuk ya hau dutse da ƙafa, ya cusa talj a cikin filas ɗin da hannunsa, ya yi ta tuƙi bai tsaya kwana ba. Rabi ya zama ruwa, sauran ya dunƙule, ga yashi da 'yan tsakuwoyi a ciki, bai kai farin da nake gani a talabijin ba. Na taɓa, sanyin ya shiga har ƙashin yatsana. Na ɗanɗana kaɗan. Sannan ya ɗaura mini takalmi ɗaya, ya riƙe hannuna, na ɗora ƙafa a kan farantin. Na ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashin igiyoyin da na saƙa, sau ɗaya, shi ke nan. Abuya ya jingina da tanki, barci ya ɗauke shi a zaune. Na so in ajiye sauran in nuna wa yaran layi, amma kafin motar makaranta ta dawo da su babu komai a farantin sai ruwa mai yashi. Da na ba su labari a gidan Hala Zainabu, suka ce ƙanƙarar firij ce.

Takarduna ba su gyaru ba sai da na yi aure. Yanzu 'ya'yana suna kallon dusar Tabuk a waya, su ture da yatsa su wuce, Hausar ma sai na matsa suke mayar mini da ita. Hanya a buɗe take gare ni, babu shingen da nake tsoro, kuma duk shekara idan sanyi ya shigo maigidana yakan ce mu ɗauki yara mu je, ni kuma in ce sai baɗi. Abuya ya rasu shekarun baya, a nan Jidda aka binne shi. Wanda nake son in zauna a gefensa a wannan hanya ba ya nan.