Robar da Ba a Sa Ba

Maigidana maƙerin akwatunan ƙarfe ne, irin waɗanda ake rufe janareta ko mitar wuta da su a waje. Allah ya jiƙansa. Har yau ba na ambatonsa idona ya zauna a bushe, mai rubuta mini wannan ma ta saba da jirana in share hawaye.

Yana da yadda yake aikinsa. Kafin ya haɗa fallen ƙarfe biyu sai ya goge bakinsu da fetur, ya yanko tsohon tif na taya siriri, ya shafa gam, ya shimfiɗa shi a tsakani, sannan ya ɗaure noti. Ya ce robar ce ke hana ruwa shiga, ita ce kuma ke shanye girgizar manyan motoci. In ya gama sai ya sa busasshen tsumma a ciki, ya ƙwala mini kira: "Uwargida, kawo butarki!" In yi ta kwarara ruwa ta kowace kusurwa. Muddin tsumman ya jiƙe, akwatin ba zai bar gidanmu ba.

Aikinsa na ƙarshe na unguwa ne, akwatin injin bohol da ke bakin titin Ayigya, inda motocin haya na trotro ke wucewa ƙasa na rawa. Ya yanka fallayen, bai haɗa ba ajali ya zo. Ina cikin takaba ƙaninsa ya kwashe su har da kayan aiki. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba! Ina jiyo gudumarsa daga ɗaki yana haɗa akwatin, ba halin in fita.

Ruwan sama ya shiga akwatin, inji ya ƙone, unguwa ta koma yawo da jarkoki. Sai mata suka fara kawo mini magana: wai ƙanin yana faɗa a ƙofar masallaci cewa marigayi ne ya haɗa, ciwo ya riga ya kashe masa hannu, shi fenti kawai ya shafa. Ya san na kabari ba ya musu.

Ranar da na fita takaba, ban je gidan kowa ba sai gun bohol. Na aika aka kira liman da dattawa, ƙanin ma ya zo yana yaƙe.

"Matar yaya, lafiya? Koma gida, wannan maganar maza ce."

"Wane namiji? Mai jingina ƙaryarsa da gawa? Kwance akwatin mu gani."

Ya ƙi. Liman ya sa wani mai walda ya kwance. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, duk tsatsa, babu roba ko ɗaya a tsakani. Farin gam kawai ƙanin ya lafta daga waje a kan fenti, girgiza ta ɓare shi kamar ɓawon rogo. Na kwance bakin zanena na zubar da robobin da maigidana ya yanka don wannan akwatin. A ƙarƙashin bencinsa na same su, a naɗe yadda ya bar su. Dattawan sun san aikinsa, akwatunansa ne a ƙofar shagunansu.

Liman ya ce daga yau kada wanda ya ƙara danganta wannan aika-aika da marigayi. Sannan ya juyo ya ce, "Mma, ki yafe masa."

Na ce, "Malam, sunan mijina na zo karɓa, na kuwa karɓa. Yafiya ban taho da ita ba."

Har yanzu in ƙanin ya yi sallama ina amsawa, don wajibi ce. Tabarma dai ba na shimfiɗa masa.