Ranar da Muka Ƙona Buntu a Cikin Sito

Har gobe ba zan manta da ranar da muka shigar da wuta cikin sito ba. Lokacin ina shekara ta uku a matsayin shugaban ma'aikata a wata ƙaramar masana'anta kusa da Watari, inda muke mayar da buntun shinkafa gawayi don a rage sare itatuwa.

Ga yadda aikin yake. Ana cika duro da buntu, a kunna masa wuta, a rufe a bar 'yar kafar iska, har ya yi baƙi amma bai zama toka ba. Sai a niƙa, a kwaɓa da sitacin rogo, inji ya matse shi dunƙule-dunƙule, a shanya. Ƙa'idar da aka fara koya mana ita ce ba a ƙona buntu sai a fili.

A watan Agusta ruwan sama ya hana mu aiki kwana huɗu. Manaja ya ce a koma sito. Na faɗa masa akwai haɗari, ya ce buɗe taga ya wadatar. Haka na bi, kuma da bakina na ba da umarnin.

Mai kula da wutar shi ne Malam Sabi'u, wani dattijo ɗan Kunci da ya fi kowa gane lokacin da buntu ya yi. Da hantsi ya ce mini kansa yana sarawa. Na ba shi magani, na ce ya daure a gama zubin farko.

Aka kira azahar bai fito alwala ba. Na shiga na same shi a zaune, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce iskar da irin wannan wuta ke fitarwa ce ta kashe shi, ba ta da wari, ba a kuma ganinta.

A wurin ta'aziyya matarsa ta tambaye ni ta bayan labule, "Malam, ya sha wahala?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Ya sha faɗa mini kana tausaya masa."

Na kasa ɗaga kai, kuma har yau ban gaya mata zancen ciwon kan ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Manaja bai san abin da wutar za ta yi ba, ni na sani. Idan babba ya ba ku umarnin da kuka san zai cutar da wani, ku tsaya kan ƙinku ko da za a kore ku. Da an kore ni ranar, da tuni na sami wani aikin.