Ya Gyara wa Kowa Hanyar Hayaƙi, Ban da Ɗakinsa

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Issufu a ƙasar da ba tamu ba. Ni ba mai ilimi ba ne, dako nake yi a unguwar Porte de la Chapelle. Amma duk sanyi in ya shigo na ga hayaƙi na tashi bisa gidajen Paris, sai raina ya ɓaci.

A garinmu Tawa magini ne. Da ya zo nan sai ya koyi gyaran shemine, wato bututun jan tubali da ke fitar da hayaƙi ta saman gida. Yakan hau rufi da igiya a ƙugu, ya ƙanƙare tsohuwar ƙasa tsakanin tubala, ya cike da sabuwa, ya zare wanda ya ruɓe, ya share baƙin da ya toshe ciki. Har Lyon ake kai shi aiki. Yana cewa, "Ƙane, gida ma numfashi yake. In ka shaƙe shi, shi ma zai shaƙe ka."

Ɗakin da yake haya a unguwar Goutte d'Or akwai tsohon murhu a bango. Shi da kansa ya leƙa ya ga tubala sun fara zubowa ciki. Ya ce wa mai gidan, ba ni mabuɗin rufi in gyara, ban son ko sisi. Mutumin ya ce a'a, sai kamfani mai takardu. Issufu ba ya da takardu. Hannunsa ya isa ya gyara gidajen masu kuɗi da sunan wani, bai isa ya taɓa nasa ba. Mai dokar barci kuwa shi ke gyangyaɗi: kamfanin bai zo ba.

Wata Lahadi da rana, sanyi ya yi tsanani, injin ɗumin ɗakin ya daɗe da mutuwa. Ya hura gawayi cikin murhun don shayi, irin yadda muka saba a gida, ya rufe taga. Yana tsammanin akwai sauran ƴar kafa a bututun. Babu. Ya kishingiɗa, bai tashi ba.

Kafin a yi sadakar arba'in an gyara sheminen. Ihu bayan hari.

Da zai dawo yau, zai ga an fenti gidan, an kori irinmu, an zuba baƙi ƴan yawon buɗe ido. Murhun nan an share shi an jera kyandir ciki don ado. Na san dariya zai yi. Ni ban iya ba.

Me ya rage? Ba gida, ba suna a jikin aikinsa. Ɗiyarsa Rakiya na karatu a Bron, kusa da Lyon, yanzu. Ranar sunan ɗan ƙawarta, mata suka kunna turaren wuta bisa garwashi, ta tashi ta buɗe tagogi duka cikin sanyin nan. Wata Hajiya ta ce, "Ke, kashe mu za ki yi?"

 Rakiya dai ta tsaya bakin tagar ta hana a rufe.

Allah Ya jiƙan Issufu. Mai gidan kuwa, ban yafe ba.