Ɗakin da Zubairu Ya Shirya wa Inna Aisa

Zubairu ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka ina da ikon faɗin halinsa ko a gaban idonsa. A Bande kowa ya san rumfarsa ta cajin waya kusa da tasha, inda yake zuba wa mutane waƙoƙi a kati. Mutum ne mai son abu ya fita daidai, irin wanda zai sa tela ya warware riga gaba ɗaya saboda zare ɗaya ya karkace.

Uwarsa, Inna Aisa, ita kaɗai ta rage a unguwarmu cikin matan da suka iya waƙar daka. Tun da injin niƙa ya zo ƴan mata suka bar lugude, amma ita ta ƙi sakin taɓaryarta. A cikin waƙoƙinta akwai sunayen kakanninmu, da rijiyoyin Yekuwa inda aka haife ta, da habaicin da har yau ba mu san da wa ake ba. Ba wadda ta koya a wurinta. Zubairu ya ce shi zai ɗauki muryar nan kafin ƙasa ta rufe mata ido, ya sa mata kiɗa a ƙasa yadda samarin Damagaram suke yi a ɗakunansu.

Na ce masa, "Ga waya a hannunka, ɗauka mana tun yau."

Ya harare ni. "Muryar Inna a waya? Da kukan jaki da carar zakara a ciki? Kai dai tsaya ga amalankenka."

Daga nan aka shiga zaɓen kaya. Da farko ordinatar, wato kwamfuta. Ya ce ta hannu zai saya mai batiri, tun da kuran ɗin garinmu, wato lantarki, baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi. Wadda ya samo a Magarya fankarta na kuka kamar zuma a tulu, ya mayar. Ya ƙetara Kano ya kawo wata, ya ce cikinta ya yi ƙanƙanta, aka ƙara mata. Sai mikro, abin ɗaukar murya. Akwai wanda ake sokawa kai tsaye a ordinatar, akwai wanda sai an bi da shi ta wani ɗan akwati da suke kira kart son. Ya zaɓi na biyun, don an ce masa yana jin har numfashi. Ya lulluɓe bangon ɗakinsa da tsofaffin katifu da tabarmi don kada hayaniya ta shigo. Damina ta zo ta wuce yana wannan aiki.

Inna takan leƙa ta ce, "Babana, yaushe za a yi abin nan naka? Ni fa ba yarinya nake komawa ba." Babana take ce masa don sunan ubanta ya ci.

Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Inna. Igiya ɗaya ta rage."

Ranar da aka gama, ya zaunar da ita a kujera, ya kafa mata mikro a gaban baki, ya rufe ƙofa. Ina tsaye a gefe. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi katifun nan ta ce, "Ina turmin? Waƙar nan a hannu take, ba ta fitowa sai taɓarya ta kira ta."

Muka shigo da turmi da gero. Bugu na farko, layukan da ke kan ordinatar suka yi ja, sautin ya fashe. Zubairu ya tsayar da ita kafin ta kai baiti. Ya ce wannan mikron bai dace da daka ba, sai an samo wanda ba ya jin komai sai abin da ke kusa da baki, da doguwar igiya har tsakar gida. Ya aika direba ya nemo masa a Damagaram. Na sake yi masa maganar waya, ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce.

Wata safiya Inna ta faɗi tana alwala. Aka kai ta asibitin Magarya, aka dawo da ita ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi. Ba ta daɗe ba. Muna zaman makoki direban ya yi sallama da saƙo a hannu, Zubairu ya karɓa ya ajiye bai buɗe ba. Na yi baƙin ciki da mutuwarta, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Bayan an watse ya kira ni ɗakin. Ya ce mu duba ko wani abu nata ya shiga cikin gwaje-gwajen da ya riƙa yi. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk muryarsa ce, "Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." Sai a wani muka ji daka can nesa a tsakar gida, da murya siririya ta fara tasowa. Ya damƙe hannuna. Kafin mu gane kalma ɗaya, muryarsa ta shigo kusa, tar da ita: "Inna, don Allah ki ɗan yi shiru, ina gwada na'ura."

Taɓarya ta tsaya. Muka ji takunta har bakin ƙofa.

"To, Babana, na yi shiru."

Iyakar abin da ya rage mana na muryarta ke nan.