Ludayi Mai Jan Zare

A hanyar tafki na fara lura, makonni kaɗan bayan maigidana ya dawo daga haƙar zinariya. Mutumin da ya saba barina a baya, ranar sau uku yana dafa itace yana haki.

Kowa ya ce tarin fuka ne. Mahaifiyarsa ta ɗaura jan zare a ludayinsa, ta ware masa ƙwarya da ɗaki. Shekara biyu ina miƙa masa fura daga bakin ƙofa, ni da na ɗauka ƙauna ba ta san tsoro ba.

Sai wata likita mai binciken cututtukan huhu ta zo Madarumfa duba mahaƙa. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta ce mini, "Baiwar Allah, ƙurar dutse ce ta yi masa tabo a huhu. Ba ya warkewa, amma ba a ɗauka."

Muna komawa gida na tsinke zaren, na sha fura da ludayinsa. Ya ce, "Ke dai kwaɗayi! Rage mini."

Bayan shekara huɗu ya rasu, kansa a kan cinyata. Shekaru biyun nan na bakin ƙofa har yau suna ci mini rai.