Kwalaben Ƙarƙashin Gadon Kaka

Jiya mai kurar farawla, wato strawberry, ya tsaya a bakin layinmu. Waɗanda suka nuna da yawa sun farfashe a ƙasan kwando, rana kuma ta ɗan taɓa su. Ƙanshin ya same ni ina riƙe da ledar burodi, yawu ya cika mini baki. Kai mai karatu za ka ce ai farawla ce kawai, abin marmarin kowane yaro a Alƙahira idan sanyi ya shigo. Ni ba na iya kai ta bakina. Zan faɗa maka dalili, amma a hankali, don wadda zancen ya shafa tana ɗakin ciki, kuma jinta bai tsufa ba.

A unguwar Faisal na tashi, a hawan ƙasa na wani dogon gida, inda rana ba ta leƙowa ko da bazara. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, mahaifiyata ta yi wani aure a Sudan, aka bar ni hannun kakata ta wajen uba da Baffa, ƙanen mahaifina. Kaka turshi take yi. Karas da lemon tsami da barkono take jiƙawa a ruwan gishiri da khal, ruwan tsamin nan da ake ce wa binega, ta jera robobi a bakin ƙofa, masu sayar da wake su zo su ɗiba. Mace ce da ba ta zubar da komai. Ɓawon lemo ma shanya shi take yi.

Baffa direba ne a gidan wani Bafaranshe. Shekarar da gari ya rikice, aka rufe tituna, Turawa suka yi ta rige-rigen filin jirgi, sai mai gidan nasa ya bar masa takalma da fanka da wani kwali mai nauyi. Da aka buɗe kwalin a tsakar ɗakinmu, kwalabe ne kwance, kowace da toshiyar itace. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce giyar inabi ce, daga ƙauyen mutumin, sunan inabin fino nuwar. Wai mutumin ya ce yanzu ɗanya ce, a bar ta ta kwanta shekaru, sannan za ta faɗi abin da ke cikinta. Kaka ta yi a'uziyya, ta ce a fitar. Amma na ga yadda idonta ya tsaya a kan yawan kwalaben.

Washegari ta sa Baffa ya kira wani abokinsa ɗalibin addini daga unguwar Darrasa, ɗan Zariya, mai farin tabarau. Ya sha shayi, ya yi bayani da Larabci mai yawa. Abin da na riƙe shi ne: giya idan ta juye da kanta ta zama khal, ta tsarkaka, babu saɓani. Amma da kanta, ba a sa mata hannu ba. Kaka ta ce, "To Ustaz, wa zai san ta juye, tun da ba a sha?" Ya yi dariya, ya dube ni ina kwashe kofuna, ya ce cikin wasa, "Hajiya, ai ga wadda alƙalami bai hau kanta ba." Ya ɗauki takalmansa ya tafi. Na tabbata kafin ya hau mota ya manta ya faɗa. Kaka ba ta manta ba.

Don kada maƙwabta su gani, ta tura kwalaben can ƙarshen ƙarƙashin gadonta, kwance kamar yadda suka zo, cikin duhu da sanyin siminti. Sai da na girma na gane cewa babu wurin da ya fi wannan kyau ga irin wannan giyar a duk Faisal. Da ta buɗe guda ta bar ta a iska, da ta sami khal ɗinta. Amma an ce kada a sa hannu, kuma tana tsoron warin ya fita layi.

Da sanyi ya dawo ta kira ni, ta rufe ƙofa. Ta tura toshiyar cikin kwalba da ƙusa, ta zuba a cokalin miya, ta ce in buɗe baki. Ja ne marar duhu, kamar zoɓon da aka yawaita wa ruwa, ana ganin gindin cokalin ta cikinsa. Ƙanshin farawla ne ya fara zuwa, sai tsami mai kaifi, sai wani bauri da ya kama mini dasashi kamar na tauna ɗanyen goro. Maƙogwarona ya yi zafi. Ta ce, "Ya juye?" Na ce ban sani ba, Kaka. Ta ɗanɗana mini khal ɗinta na gaske don in gwada, na ce a'a, ba iri ɗaya ba ne. Ta yi tsaki, ta juye kwalbar a masai, ta bi da ruwa da sabulu, ta wanke hannunta har gwiwa. Bakina ba ta ce in wanke ba.

Haka muka riƙa yi, idan sanyi ya shigo, wani lokaci kuma idan khal ya yi tsada. Ni kuma a karatun da muke yi a hawan sama, wajen Malama, wata Bahaushiyar Sudan mai kaifin murya, ina jin abin da aka tanadar wa mashaya. Nakan ƙirga kaina cikin yara in sami sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar da zan daina zama yarinya, alƙalamin ya fara rubutu, kwalaben kuma ba su ƙare ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, giyar tana canzawa, kuma ni kaɗai ce shaida. A shekara ta biyu baurin ya kwanta. A ta uku farawlar ta koma kamar wadda aka dafa, aka sami wani ƙanshi a bayanta irin na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa kafin shara, da na busasshen ganye, da na tsofaffin littattafai masu bangon fata a shagunan Darrasa. Gefen cokalin ya fara komawa launin jan bulo. Tsamin yana nan, amma ya daina cizo, yana wucewa a harshe kamar siliki, kuma yana daɗewa bayan an haɗiye. Ba lalacewa take yi ba. Nuna take yi. Ranar da na ɗanɗana wannan, Kaka ta ce, "Ke, ya yi tsami ko bai yi ba?" Na ce, "Ya yi laushi, Kaka." Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Laushi. Har kin san laushinsa. Jinin uwarki ne." Ta ƙara cika cokalin, ta ce in sake ji da kyau.

Da bazarar da na cika shekara sha huɗu na ga jini. Kaka da kanta ta nuna mini yadda ake wanka. Na yi murna a ɓoye, na ce shi ke nan, khalas, na fita. Amma da sanyi ya zo, wata Juma'a bayan azahar, ta sake rufe ƙofa. Na durƙusa na ce, "Kaka, ai yanzu ana rubuta mini." Ta ce, "Wa ya ce? Ni ban ga komai ba." Na rufe baki da hannu biyu. Ta matse mini hanci har na buɗe, ta zura cokalin, rabi ya shiga, rabi ya zubo a kan farin mayafina. Sannan ta ce lokacin karatu ya yi, yalla, in hau.

Na goge da ruwa, amma tabon ya bazu. Ina zama Malama ta ɗaga kai. Ta kira ni gabanta, ta ce in hura mata numfashi. Mata sun fi goma a ɗakin, da 'ya'yansu. Ta aika aka kira Kaka. Ina jin takunta a bene ina gaya wa kaina za ta yi bayani, za ta ambaci Ustaz da khal da alƙalami.

Ta shigo, ta shinshina mayafin, ta ɗora hannu a ka. Ta ce dama tana ta mamakin wanda ke buɗe kwalaben da Bature ya bar wa ɗanta amana. Ta mare ni har kunnena ya yi ƙara. Ta ja ni ƙasa, matan na biye, ta fito da sauran kwalaben ta farfasa su a bakin kwata tana kuka tana istigfari. Layin ya cika da wannan ƙanshin na ƙasa da farawla. Matan suka yi ta ba ta haƙuri, suna cewa ma'alish Hajiya, riƙon ɗan wani sai Allah. Baffa yana tsaye da makullin mota a hannu. Na kira shi. Ya dubi kwatar, ya shiga ciki.

Malama ta ce kada in sake hawa benenta. Kafin mako ya zagayo yaran layi sun raɗa mini suna, Sakarana, wato mashayiya. Da shi na gama sakandare. Ƙawayena iyayensu suka janye su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faɗa ba.

Yanzu layin ya canza. An rushe gidan da ke kallonmu an ɗaga wani, Malama ta koma unguwar Hay el-Sabi', Kaka ta daina turshi don ana sayar da shi a roba a kowane shago. Idan baƙi suka zo takan ba su labarin ranar da ta tsarkake gidanta, kuma ina jin ta yarda da shi har zuciya. Ni nake kawo musu shayi tana faɗa. Shekaranjiya wata yarinya 'yar sababbin maƙwabta, wadda ba ta jima da zuwa daga Kano ba, ta durƙusa mini a bakin ƙofa da ladabi, ta ce, "Ina kwana, Anti Sakarana." Ta ɗauka sunan yanka ne. Kaka tana zaune a bayana tana jan carbi. Na ce wa yarinyar lafiya lau, na tambaye ta mamanta.